Ruwan Rakiyar Sherdil

A unguwarmu da ke maƙale a jikin dutse a yammacin Kabul, babu wanda ya kai Sherdil sanin hanyar Salang, mashigar dutsen da ake bi zuwa arewa, kuma babu wanda ya kai shi rashin bin ta. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gadin ƙofar tashar motocin arewa, yana ɗaga sanda yana saukewa, direbobi na shan shayi a ɗakinsa suna ba da labarin dusar ƙanƙara da kwanonin hanya da motocin da suka gangara rami. Duk abin da ya shiga kunnensa sai ya adana, bayan kwana biyu ya fito da shi a matsayin nasa. Da ya yi ritaya sai ya sayi wata farar mota da ta girmi 'yarsa ta fari, ya koyi tuƙi a filin ƙwallo, ya riƙa kai ta kasuwa ranar Alhamis yana dawowa da ita. Tun daga nan kunnuwanmu ba su sake hutawa ba.

Layinmu ɗaya ne tal. Ya taso daga ƙofar gidan Sherdil a can sama, ya gangaro tsakanin gidaje goma sha huɗu, ya dire a shagon Faizu mai gurasa da ke bakin titi. A bakin tanderun Faizu Sherdil yake buɗe makarantarsa kowace safiya, ko da ɗalibi ko babu.

"Ƙa'ida ta farko," zai ce yana kaɗa yatsa, "ba a taka birki a kan ƙanƙara. Ko uwarka ka gani a tsaye a gabanka, kada ka taka. Ku maimaita."

"Lala Sherdil, gurasa muka zo saye," sai mu ce. Lala a wurinmu kamar a ce yaya ne.

"Ku maimaita dai, wata rana za ku gode mini."

A tsakiyar hunturun bana aka bugo waya daga birnin Mazar, can bayan Salang: Parwin, 'yarsa ta fari, ta sauka lafiya, an sami namiji. Sirikinsa Haji Barat, uban mijin Parwin, da kansa ya karɓi wayar ya ce, "Ranar Juma'a ne suna. Ka zo ka raɗa masa da bakinka, mun yi maka takwara." Sherdil 'ya'ya uku gare shi, duk mata. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma ya daɗe yana jin ciwon cewa ranar da aka binne shi an binne sunansa. Da ya ajiye wayar sai da ya shiga ɗaki ya share ido, sannan ya fito ya sanar da layi kaf cewa an haifi Sherdil na biyu.

Matarsa Bibi Shahgul ita lissafin hanya take yi. Rediyo ya ce dusar ƙanƙara mai nauyi na tafe ranar Alhamis da yamma, kuma da azahar za a rufe mashigar dutsen. Wanda bai wuce ba sai bayan kwana uku ko huɗu.

"Baban Parwin, na yi magana da Usta Karimdad. Zai ajiye mana kujera biyu a bas ɗinsa ranar Alhamis."

"Wa? Karimdad? Yaron da nake ɗaga wa sanda tun yana kwandasta?"

"Yaron da ya shekara talatin yana bin hanyar."

"Bi daban, sani daban. Ni da mota a ƙofar gida in zauna kusa da buhun albasa? In sauka a gaban Haji Barat ina kakkaɓe riga? Wallahi da motata zan shiga Mazar, tun daga bakin gari za su ji ham."

"Ka taɓa wuce gadar kasuwa da ita?"

"Dalili ne bai taɓa kamawa ba."

Shahgul ta dube shi, ta dubi sama, ta koma ta ci gaba da goge gadon jaririn da za ta kai. Gado ne na katako mai lilo, wanda uwarta ta kwantar da ita a ciki, ita ma ta kwantar da 'ya'yanta uku. Ta naɗe shi da bargo ta sa a bayan mota da hannunta.

Shiri ya kankama ranar Talata. Sherdil ya taɓa jin direbobin manyan motoci na cewa mota marar nauyi ita ke zamewa, don haka ya cika buhu uku da yashi ya danna a but, ya ɗora musu wani tsohon dutsen niƙa da ya tono a bayan gida. Bayan motar ya zauna daɓas, hancinta ya ɗaga sama. Sannan ya jawo sarƙar taya sabuwa fil, ya kwanta a ƙasa yana nishi, ya ɗaura wa tayoyin baya.

Yana cikin haka Usta Karimdad ya hauro layin da hannuwansa a aljihu. Mutum ne marar yawan magana. Ya zagaya motar sau ɗaya ya tsaya.

"Lala, irin wannan motar a gaba ake ɗaura mata sarƙa. Tayoyin gaba ne ke ja."

"Ku ji shi fa! Karimdad, ka taɓa tsayawa ka kalli jakin da ke hauro mana da ruwa? Da wace ƙafa yake turawa?"

"Da huɗun duka, Lala. Kuma shi yana jin magana."

"Ka je ka loda albasarka. In ka maƙale a Salang ka ɗaga hannu, zan tsaya."

"Allah Ya kai mu," in ji Usta, ya juya ya sauka.

Ranar Laraba da hantsi aka yi gwajin wuta. Sherdil ya sha ganin masu manyan motoci suna hura wuta a ƙarƙashin tanki da asuba don man ya saki. Ya shiga ɗaki ya zaro kaskon garwashin da iyalinsa ke ɗumama ƙafa da shi, ya tura shi ƙarƙashin motar, ya tsuguna yana fifita. Hala Sabzagul, tsohuwar da gidanta ke ƙasa da nasa, ita ta fara gani. Ta ƙwalla ihu, ta kwashi kajinta biyu ta yi gangare. Kafin ka ce me, layi ya watse, har Faizu ya baro gurasa a tanderu ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga murya.

"Lala! Waɗancan dizal suke sha! Taka fetur ce!"

"Mai mai ne!"

Shahgul ce ta fito da sandar shanya, ta saƙalo kaskon ta jawo shi waje, ta kife masa tukunya.

"In kana son zuwa Mazar a sama, ka bari in fita daga gidan tukuna."

"Saura kaɗan ya yi ɗumi kika ɓata."

"Saura kaɗan layin nan duka ya yi ɗumi."

Alhamis ta waye da sanyin da ke manne yatsa a jikin ƙarfe. Kowace safiya matan layi kan watsa tokar murhu a gangaren don kada ƙafa ta zame. Sherdil ya fito tun da duku-duku da tsintsiya ya share ta tas, daga ƙofarsa har shagon Faizu. Ya ce ba zai tafi sunan takwaransa da toka a taya ba.

Daga nan ya bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa. Kowa ya sani idan matafiyi ya ba da baya akan watsa ruwa a bayansa, don ya je lafiya ya dawo lafiya. Kwano ɗaya ne, mace ɗaya ta watsa, shi ke nan. Sherdil ya ce shi bai yarda ba.

"Kwano na mai zuwa kasuwa ne. Salang tafiyar bokiti ce. Kowane gida bokiti ɗaya, ina wucewa a sheƙa."

"Ruwan da jaki ya hauro mana da shi da ƙyar?" in ji Hala Sabzagul. "Na wankina ne fa."

"Ki zuba, Hala. Sherdil ƙarami zai yi miki addu'a."

"Babban ma me ya yi mini?"

Duk da haka aka fito da bokitai. Wasu don darajar Shahgul, wasu don dai su tabbatar ya tafi.

Ƙarfe takwas ya tayar da mota. Shahgul na gefensa da filas ɗin shayi da ƙullin zabibi a cinya, bakinta na motsi da addu'a. Ya saki motar a giya ɗaya, sarƙa na ƙaraurau a baya, hannunsa ɗaya a kan ham. Yana wuce kowace ƙofa sai ka ji shaaa, bokiti goma sha huɗu cif. Ruwan ya biyo shi gangare yana tururi. Suka sauka bakin titi lafiya lau, daidai inda Usta ke ɗaure kaya a saman bas ɗinsa.

Sherdil ya leƙo ta taga. "Karimdad, ka ga saukowa?"

"Na gani, Lala. Saura kilomita ɗari huɗu."

Sherdil ya kai hannu zai gyara hula don ya ba shi amsa, sai ya ji ta ulu ce, ta zaman gida. Sabuwar hularsa ta fatar ɗan rago, wadda ya tanada don ranar suna, tana can rataye a ƙusa.

"Bar ta," in ji Shahgul. "Jariri bai san hula ba."

"Haji Barat ya sani."

"To tsaya in hau in ɗauko."

"Matata ta hau dutse da ƙafa ina da mota? A gaban Karimdad?"

Ya juya kan mota ya haura. Ruwan bai gama daskarewa ba tukuna, motar ta ɗan yi gardama a tsakiya, ta kai. Ya shiga ya fito da hula a ka, ya zauna, ya danna ham. Matan da ke tsaye a ƙofofi suka ɗaga masa hannu. Bai motsa ba. Ya sake danna ham, ya leƙo.

"To, ku ɗauko bokitan mana."

"Ai mun zuba ɗazu!"

"Kun zuba don me? Don in je lafiya in dawo lafiya. Na je? Na je. Na dawo? Ga ni. Wancan ruwan ya gama aikinsa. Wannan sabuwar tafiya ce."

Aka yi ta cacar baki har mai unguwa ya fito da bargo a kafaɗa. Ya saurari kowa, ya shafa gemu, ya ce shi dai a iya saninsa ba a taɓa kawo masa irin wannan shari'ar ba, amma maganar Sherdil ba ta rasa kan gado, kuma in ba a zuba ba mutumin nan zai kwana a nan yana ham. Mata suka koma ciki suna tsaki, suka juyo abin da ya rage a jarkoki.

Saukowa ta biyu ba ta yi kyan ta farko ba. Daidai ƙofar Hala Sabzagul bayan motar ya yi gefe, ya goge katangarta, ya ɗebe mata ƙasa. Shahgul ta riƙe ƙofa tana salati.

"Da gangan ne," in ji Sherdil, goshinsa na tsattsafo da gumi. "Gwada ta nake."

"Katangar ko motar?"

Da suka kai ƙasa ƙarfe tara ta wuce. Shahgul ta waiwaya don ta ga ko gogar katangar ta taɓa kayanta. A kujerar baya babu komai sai buhun yashi na huɗu, wanda ba ta san da shi ba, a zaune kamar fasinja.

"Baban Parwin. Ina gadon?"

"Wane gado?"

"Gadon uwata."

"Af. Ai katako ba shi da nauyi. Na ɗan fitar da shi jiya don yashi ya sami wuri. Yana zaure, lafiyarsa ƙalau."

Shahgul ta buɗe ƙofa. Ta ajiye filas a kan kujera, ta shiga shagon Faizu ta cika wani tsohon gwangwani da toka, ta kama hawa ta gefen katanga tana barbaɗawa a gabanta. Duk wanda ya san Shahgul ya san shirunta ya fi faɗanta muni. Sherdil shi kaɗai ne bai taɓa ganewa ba.

"Zan riga ki isa!" ya ce, ya juya mota.

Amma bokiti ashirin da takwas sun riga sun kwanta a layin, sanyi ya yi musu aikinsa. Gangaren ya koma santsi yana ƙyalli daga sama har ƙasa. Motar ta hau taku goma ta tsaya. Tayoyin gaba, waɗanda yashi ya ɗage har da ƙyar suke taɓa ƙasa, suka riƙa juyi a wuri ɗaya suna kuka. Na baya kuwa suna zaune da sarƙarsu, ko gezau.

"Ku tura! Me kuke kallo?"

Masu jiran gurasa suka ajiye kwandunansu suka zo, don motar ta toshe bakin layi. Mutum shida suka sa kafaɗa. Na farko ya zame ya ɗauke ƙafar na biyu, na biyu ya riƙo rigar na uku, sai ga su a zube suna gangarowa kan titi a zaune. Wani tela ya tashi yana dafe da ƙugu ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa zagin maƙwabci ba, amma yau zai fara.

A daidai lokacin mai jakin ruwa ya iso da jarkoki huɗu. Sherdil ya fito ya tare shi, ya yi masa daɗin baki, ya rantse masa da cewa taimakon matafiyi lada ne. Aka sauke jarkokin, aka ɗaura igiya a hancin mota, aka ɗaure wa jaki kofato da tsumma, aka bi da shi ta gefen da Shahgul ta zuba toka. Jaki na ja, mutum shida na turi, Sherdil na ciki yana ham yana ba da umarni. Fasinjojin Usta duk suka sauko daga bas suka yi layi suna kallo.

"Lala!" Usta ya ɗaga murya daga ƙasa. "Ka duba da kyau, da wace ƙafa yake ja?"

Sherdil ya ɗaga gilashi ya yi kamar bai ji ba.

Ƙarfe goma saura kwata aka kai shi sama. Shahgul na tsaye a ƙofar gida, ta goya gadon a baya da mayafi, gwangwanin toka a hannu.

"Yauwa, sa shi a kan yashin, ki shigo."

"Na shiga sau biyu. Ya ishe ni."

"Maman Parwin, mutane na kallo."

"Tun Talata suke kallo."

Ta wuce shi ta kama gangara ta gefen katanga, a hankali, taku ɗaya toka ɗaya. Daga ƙasa Usta ya danna ham sau biyu, alamar saura kaɗan ya tashi.

Sherdil ya ga in bai yi da gaske ba matarsa za ta shiga motar Karimdad a gaban duniya. Ya gyara hula, ya daidaita hancin mota da gangare, ya leƙo.

"Ruwa!"

Babu wadda ta motsa.

"Na ce ruwa! Tafiya ta uku ce!"

"Ko na alwala babu a layin nan," wata ta ce. "Ka shanye mu."

"Haka za ku bar ni in hau Salang a bushe? In wani abu ya same ni, a wuyanku!"

Hala Sabzagul ta ce ya dakata. Ta hauro da wata roba a hannu tana bin bango, ruwan wanke-wanken jiya ne, da ƙwayoyin shinkafa da maiƙo a sama. Ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya," ta sheƙa shi gaba ɗaya a gilashin baya. Nan take ya daskare ya yi fari fat.

Motar ta taɓa ƙanƙara ta ɗauki gudu da kanta. Sherdil ya ji sitiyari ya yi sakwaf a hannunsa, yana juya shi dama da hagu babu abin da ya canza. Ya hango titi na tahowa, ya hango bas ɗin Usta, ya hango mutane. Masu turin nan shida, da mai jaki, da Faizu, duk suka haɗa baki suka ƙwala masa karatun da ya shekara yana ba su:

"Ba a taka birki!"

Da ƙafa biyu ya taka.

Bayan motar, da yashinsa da dutsen niƙansa, ya ce shi ma sai ya ga gaba. Ya zagayo a hankali ya wuce hancin, motar ta juya tsaf tana kallon gidan da ta baro, ta ci gaba da sauka da baya. Sherdil ya waiwaya bai ga komai ba sai shinkafar Hala. Haka ya wuce ƙofofi goma sha huɗu yana fuskantar matan da ke tsaye ɗaya bayan ɗaya, bakinsa a buɗe, hannunsa a manne da ham. Ya wuce Shahgul a ƙofa ta tara. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta dai matsa jikin bango ta ci gaba da barbaɗa tokarta.

Faizu ya yi tsalle ya faɗa kan buhunan gari. Motar ta kwashe teburin da yake shanya gurasa, ta rushe tarin itacensa, ta cusa bayanta a ƙofar shagon ta tsaya cak. But ya ɓalle, yashi ya zube a bakin tanderu. Dutsen niƙa ya faɗo a tsaye, ya gangara ya tsallaka titi shi kaɗai, ya yi juyi biyu a gaban bas ɗin Usta ya kwanta.

 Sai ƙofar mota ta buɗe, Sherdil ya fito, gurasa ɗaya a kafaɗarsa, hularsa ta karkace. Bakin dai bai mutu ba.

"Kun gani ko? A baya na ɗaura sarƙa, da baya ta sauko. Da na bi shawarar Karimdad da yanzu wani labarin ake."

Dariyar da aka yi har masu shagunan tsallaken titi sai da suka fito. Faizu ne kaɗai bai yi ba. Ya taso fari fat da gari, ya cafki wuyan rigar Sherdil.

"Tanderuna. Itacena. Gurasar mutum arba'in."

"Faizu jan, ɗan'uwana, sake ni, in na dawo daga Mazar..."

"Babu inda za ka," in ji mai unguwa, wanda ya sauko a zaune don ƙafa ta ƙi tsayuwa. "Jaki ya hau sau ɗaya da igiya da mutum shida, ba zai sake ba. Gida goma sha huɗu babu ruwan sha. Kai ka shimfiɗa ƙanƙarar nan, kai za ka fasa ta, daga nan har ƙofarka. A ba shi diga."

Shahgul ta iso bakin titi, Usta ya karɓi gadon da hannu biyu. Sherdil ya fizge daga hannun Faizu ya ruga jikin bas.

"Karimdad, ƙanena, ka ce ka ajiye mana kujera biyu."

"Na ajiye, Lala. Ɗaya ta Bibi, ɗaya ta gadon. Ba zan ɗaure kayan gado a sama dusa ta jiƙa shi ba."

"To ni fa?"

"Kai ai kana da mota."

Shahgul ta zauna a bakin taga, ta gyara wa gadon bargo. Sherdil ya ɗago kai ya yi ƙasa da murya.

"Maman Parwin, ki ce wa Haji Barat hanya ce ta rufe."

"Wace hanyar?"

"Hanya dai."

"To. In an tambaye ni zan faɗi wadda ta rufe."

Bas ya tashi ƙarfe goma da 'yan mintoci. Mun ji daga baya cewa su ne mota ta biyun ƙarshe da aka bari ta wuce.

Sherdil ya yini yana sara. Da yamma dusar da rediyo ya faɗa ta sauko ta rufe abin da ya fasa da wanda bai fasa ba. Juma'a ya sake farawa, da shebur a hannu ɗaya, diga a ɗaya. Mata na narka dusa a tukunya suna leƙowa suna yi masa sannu irin wadda ta fi zagi zafi. Hannunsa ya yi kanta, bayansa ya ƙage, amma duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya ji cewa motar ce ba ta saba da direba mai zafin hannu ba, kuma ko ba komai a daren nan akwai wani yaro a Mazar da za a kira Sherdil.

Ranar Asabar da hantsi yana shan shayi a shagon Faizu, wanda aka toshe ƙofarsa da buhu, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ga sunan Parwin. Ya miƙe tsaye, ya ce kowa ya yi shiru, ya buɗe muryar wayar yadda duk shagon zai ji.

"Parwin jan! Yaya takwarana? Ɗan taɓa shi ya yi kuka, mutanen nan su ji muryar maza."

"Lafiyarsa lau, Baba. Mama ta iso lafiya. Yana cikin gadon ma yanzu."

"Madalla. An raɗa?"



"Baba, da Mama ta shigo babu kai, Haji ya ce ba komai, ya riga ya yi alkawari, shi zai raɗa sunanka a madadinka. Har ya karɓi yaron."

Sherdil ya dubi mutanen shagon ɗaya bayan ɗaya yana gyaɗa kai. "Kun ji dattijo."

"Sai wata gwaggo ta tambayi Mama me ya hana ka zuwa."

"To?"

"Ta faɗa musu. Tun daga kaskon wuta har jaki. Liman sai da ya fita waje ya riƙe ciki. Da aka natsu Haji ya share hawaye ya ce shi har yanzu yana kan bakansa, amma a tambayi uwar yaro."

"Yauwa. Sai kika ce?"

"Na ce a sa masa Ilyas."

Sherdil ya koma ya zauna.

"Kada ka yi fushi, Baba jan. Ina son ka, Allah Ya sani. Amma yaron nan girma zai yi. Wata rana zai zo unguwar nan, a tambaye shi sunansa a bakin tanderun Faizu."

Babu wanda ya yi dariya a shagon, kuma wannan ya fi yi masa ciwo fiye da duk dariyar ranar Alhamis. Faizu ya sunkuyar da kai yana juya ƙullun da ya riga ya juyu. Sherdil ya kashe wayar ya sa a aljihu, ya bar shayinsa rabi, ya ɗauki diga ya fita. Saura ƙofa shida bai fasa ba.